Tsohuwar Bas a Hawan Kibo Lokacin Bazara

Duk wanda ya bi hanyar Akwanga zuwa Jos a watan Maris ko Afrilu ya san Hawan Kibo. A nan akan ga tsofaffin motocin bas tsaye a gefen hanya, lagireto yana tururi, fasinjoji suna neman inuwa. Me yake kawo haka?

Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku. A hawa inji yana aiki da dukan ƙarfinsa, amma mota tana tafiya sannu, don haka iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce, ga ta kuma da zafi. Bayan haka, ruwa yakan tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a tsawon Jos kimanin digiri 96 ya isa. Murfin lagireto ne yake matse ruwan ya hana shi saurin tafasa. In robar murfin ta mutu, ko fanbel ya saki, ko tiyo yana yoyo, sai inji ya ɗauki zafi.

Saboda haka direba mai hankali yakan duba ruwa, baƙin mai, man birki da tayoyi tun da safe, kafin ya ta da mota. Yakan riƙe jarkar ruwa da waigi, ba ya kuma lafta kaya fiye da kima. Tun daga gindin hawa yakan sa ƙaramar giya, idonsa yana kan allurar zafi. In ta kusa ja, sai ya rakaɓe, ya sa waigi, ya jira. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, gama ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska. Zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi kuma yakan tsaga shi.

Gangara ta fi hawa haɗari. Birki yana aiki ne ta wurin guga, guga kuwa tana haifar da zafi. In an danne shi tun daga sama har ƙasa, sai ya daina kamawa, man birki ma yakan tafasa, direba ya taka ya ji wayam. Dokar ita ce: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe motar. Masu sa mota a furi ko kashe inji don tsimin fetur, da rayukan mutane suke caca.

Ɗalibai, ran da kuka ga direbanmu yana rarrafe a hawa ko gangara, wasu motoci suna wuce mu, kada ku yi masa ihu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.