Lambarka Nawa? Al'adun Sojojin Lema na Garin Pau

Idan tsofaffin sojojin lema biyu da suka yi horo a Faransa suka haɗu, ko a wurin ɗaurin aure ne ko a layin karɓar fansho, kafin a kai ga gaisuwar iyali za ka ji ɗaya ya ce, "Lambarka nawa?" Lambar da ake nufi ita ce wadda aka buga a bayan ɗan ƙarfen nan mai fukafukai da ake maƙala wa soja a ƙirji ranar da ya cika dira shida. Tun 1946 ake jera lambobin nan, ba a taɓa komawa farko ba, kuma ba a ba mutum biyu lamba ɗaya. Mai ƙaramar lamba shi ne babba. Da idona na ga kanar ya tashi ya ba tsohon kofur kujera, don kofur ɗin ya riga shi fita ƙofar jirgi da shekara goma sha.

Faransawa suna yi wa ƙarfen laƙabi da lasin keke, saboda ya yi kama da ɗan farantin harajin da ake ɗaura wa kekuna a da. Amma kada bare ya kuskura ya kira shi haka a gabansu. Akwai lema a jikinsa, da fukafukai biyu, da tauraro, da ganyaye a ƙasa, kuma kowane sajan yana da fassararsa: lema ce ke ɗauke da kai, fukafukai na tallafe ka, tauraro na nuna maka hanya, ganyaye na tuna maka da magabata. Wasu kan ƙara da cewa mutuwa ma tana nan a ciki tana jiranka. Sajan ɗinmu bai yarda da wannan ƙari ba, ya ce mutuwa ba ta buƙatar a zana ta.

Makarantar horon tana garin Pau, ana furta shi Po, a kudu maso yammacin Faransa, gindin duwatsun Firene. Filin da ake dira ana kiransa Wright, da sunan 'yan'uwan nan biyu na Amurka, domin a wannan yanki Wilbur Wright ya koyar da tuƙin jirgi a 1909. Na je can daga Yamai ina saurayi, muna cikin 'yan Afirka ƙalilan a tsakanin samarin Faransa masu bautar ƙasa. Makon farko duk a ƙasa ake yinsa: haɗa ƙafafu, lanƙwasa gwiwa, faɗuwa ta gefe, tashi, sake faɗuwa, har kwatangwalo ya yi baƙi. Abin da ya fara sa na saki jiki da wurin shi ne jin cewa a bakin barikinsu lemar dira suna ce mata "pépin", kalmar da suke kiran lemar ruwan sama da ita. Ashe mu da su ido ɗaya muka kalli abin.

Zumuncin da ake ta faɗa, a cikin jirgi ake ƙulla shi. A zamaninmu Transall ne. Ana cusa mu layi biyu, gwiwa na gugar gwiwa, lema a baya, ta ko-ta-kwana a ciki, ɗamara ta matse cinya har ba ka iya miƙewa sosai. Ƙarar inji ba ta barin hira, sai waƙa, kuma ana yin ta da ƙarfi don kada a ji bugun zuciya. Akwai mai hamma ba ƙaƙƙautawa, akwai wanda leɓensa ya bushe. Ba a yi wa kowa dariya a kan wannan, ko a jirgi ko bayan an sauka. Wannan doka ce da ba a rubuta ba, ban kuwa taɓa ganin an karya ta ba.

Sai mai fitarwa ya yi tsawa a tashi a maƙala. Kowa ya sa ƙugiyarsa a jikin wayar da ta ratsa jirgin, ita ce za ta fizge lemar ta buɗe. Daga nan sai abin da har gobe nake ganin shi ne zuciyar al'adar duka. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, lemarsa kuwa a can take. Don haka na bayanka shi ke duba maka ita, ya bi igiyar da hannu ya tabbata ba ta sarƙe a hammata ko a wuya ba, sannan ya buge ka a kafaɗa. Kai kuma ka yi wa na gabanka. Wanda ya duba mini a dirar farko wani siririn yaro ne, ɗan manoma daga Biritaniyar Faransa, da kyar muke fahimtar juna. Hannunsa na rawa, na ji rawar a bayana, amma bai tsallake ko taƙi ɗaya na igiyar ba. Da ya gama ya buge ni sau biyu. Shekaru sun wuce talatin, na manta fuskokin manyan hafsoshi da yawa, wannan bugu biyu kuwa yana nan a kafaɗata.

Fitila ta koma kore, ƙaho ya yi kuka, layi ya zube ta ƙofa kamar an kwance bakin buhun gero. Daga mita 400 ake fita. Ana ƙirga 331, 332, 333, sannan a ɗaga kai a duba ko lema ta cika. Idan igiyoyi sun murɗe sai ka riƙa harba ƙafa kamar mai tuƙa keke har su warware. Bayan haka sai wani shiru da ban san irinsa a ko'ina ba, ga farin ƙanƙara a kan duwatsu, ga gonakin masara a ƙasa, ga muryar wani can gefe yana ihun murna. Bai fi minti ɗaya da 'yan kai ba. A cikin dira shidan akwai ta dare, akwai wadda za ka buɗe lemar ciki da gangan don hannu ya saba, akwai ta ɗaukar kaya.

Masu naɗin lema ba a ganinsu a fareti, amma ba wanda tsohon ɗan lema yake girmamawa kamarsu. Kowace lema tana da takardarta, wanda ya naɗe ta yana sa hannu. Ka ɗauki ranka ka danƙa wa mutumin da ba ka taɓa gani ba, shi kuma ya riƙe amana.

Ranar 29 ga Satumba ita ce sallar sojojin lema, ranar Saint Michel, wato Mala'ika Mika'ilu. Al'adar ta samo asali a Hanoi a ƙarshen shekarun 1940, lokacin yaƙin Indocina, daga wurin limaman cocin soja. Ana dira da safe, a yi addu'a a coci, a yi fareti, a ci a sha, kuma duk jawabin da aka yi da kirarin Mika'ilu ake rufe shi. A wurin Kirista shi ne jarumin da ya sauko daga sama da takobi ya tattake Shaiɗan, don haka suka ga ya dace da mai saukowa daga sama da bindiga. Mu Musulmi a ɗakin kwana mun sha gardama a kai. Wani ɗan Senegal ya ce shi ba ruwansa, bikin coci ne. Wani dattijon ajidan daga cikinmu ya ce, "Kai yaro, Mika'ilu ai namu ne ma. Shi aka wakilta wa ruwan sama da arziki. Duk abin da ya sauko daga sama ya taɓa ƙasa lafiya, ai ka san a hannun wa ya biyo." Ba a taɓa raba gardamar ba. Abin da aka saba shi ne mu tsaya a waje lokacin addu'arsu, mu shiga fareti, idan an zo ɗaga kofi su da giya mu da lemo. Ni ina tare da ajidan, ko da yake na san malamai za su ce ya faɗaɗa magana.

Jar hular da sojojin lema ke sawa kuwa daga Ingila suka gaje ta a yaƙin duniya na biyu, sai 'yan Lejiyon, rundunar baƙi ta Faransa, da suka riƙe koriyarsu. Sojojin lema suna alfahari da yaƙin Dien Bien Phu, 1954, inda aka sami masu sa kai da ba su taɓa dira ba, dirarsu ta farko ita ce cikin wuta. Suna alfahari da dirar Kolwezi, 1978. Amma hular nan ita ce kuma aka sa a birnin Aljiyas a 1957, lokacin da aka azabtar da mutane a ɗakunan bincike. Ɗan Afirka da ya sa ta ya san wannan, kuma na kan ji nauyinsa. A wurin cin abincin sallar ba a tayar da zancen.

A ƙarshen mako wasunmu kan leƙa filin farar hula, wurin masu dira don wasa. Su daga mita 4,000 suke fita, su yi kusan daƙiƙa hamsin suna faɗowa da gudun kilomita 200 a awa kafin su buɗe. Suna mana kallon buhunan da ake jefowa, muna musu kallon 'yan gayu. Amma da ka zauna da su sai ka ga jini ɗaya ne. Kafin a buɗe ƙofa kowa sai ya taɓa hannun kowa, kuma kowa na duba wa ɗan'uwansa ƙullin lema. Duk abin da ka yi karo na farko, kai za ka sayi abin sha na jama'a da yamma. Wanda lemar ko-ta-kwana ta cece shi, sai ya kai wa wanda ya naɗe ta tukuici. Idan ɗayansu ya mutu kuwa, akan hau da tokarsa a sake ta a sama, abin da ya girgiza ni da farko, daga baya na gane irin tasu ƙaunar ce.

Yau abubuwa sun canja. Faransa ta ajiye Transall a 2022. A filayen wasa yawancin masu zuwa ɗaure su ake yi a ƙirjin ƙwararre, a ɗauke su bidiyo, su sa a Facebook, su tafi ba su san sunan wanda ya naɗe lemar ba. Ba na ƙyashin jin daɗinsu, sai dai ina jin an rage musu mafi daɗin abin. Tsakanin Yamai da Faransa kuma an san yadda aka rabu, sojojinsu na ƙarshe sun bar Nijar a Disambar 2023.

Mu da muka rage, duk 29 ga Satumba muna haɗuwa a zauren ɗayanmu bayan la'asar. A ɗora shayi, kowa ya zo da ƙarfensa a aljihu, a zauna bisa tsarin lamba, mai ƙarama shi ke karɓar kofin farko. Bara mu bakwai ne. Ɗan marigayi ajidan ya kawo ƙarfen mahaifinsa a ƙulle cikin hankici, ya ce, "Baba, ban san abin da ake yi da shi ba." Muka juya bayansa, muka karanta lambar da ƙarfi, muka yi wa marigayin Fatiha, sannan muka miƙa wa yaron kofin farko.