ABIN DA MAI NEMAN DIGIRIN DAKTA A ILMIN FIZIKIS ZAI TARAR

Da yawa cikin malaman makarantu da akawuna suna da almajiri ko ƙane wanda ya ƙware a lissafi, ya sami digirinsa na farko a ilmin fizikis, ga shi kuma yana ɗokin zarcewa Amurka ko Ingila neman digirin dakta. Tun da ya ke ku a kan fara zo wa neman shawara, mun ga ya kyautu mu bayyana muku abin da ke gabansa, don kada ya kama hanya da guzurin da bai dace ba. Fizikis dai shi ne ilmin da ke binciken motsi da haske da zafi da lantarki, tun daga ƙwayar zarra har ya zuwa taurari.

Babban abin da mu ke so a gane shi ne wannan. Tun daga aji ɗaya har digiri na farko, kowace tambaya aka yi wa yaro akwai wanda ya san amsarta. A digirin dakta kuwa, tambayar da za a ba shi babu wanda ya san amsarta, har malaminsa. Ba kuwa za a ba shi digirin ba sai ya ƙara wa ilmin duniya wani sabon abu, kome ƙanƙantarsa. Saboda haka wanda ya saba zuwa na ɗaya a aji ya kan sha mamaki, zama a nan haƙuri ya fi kaifin ƙwaƙwalwa amfani.

A Amurka karatun ya kan ɗauki kimanin shekara 6. Shekara 2 na farko a aji a ke yin su, ana maimaita tushen ilmin da zurfi: dokokin motsi, lantarki da maganaɗisu, ilmin zafi, da ilmin kwantum, watau halayen ƙwayar zarra da abin da ke cikinta. Kowane mako akwai aikin gida mai raba mutum da barci. Jami'o'i da yawa su kan yi wata babbar jarrabawar tankaɗe, wanda ya faɗi a ba shi dama ta biyu, in ya sake faɗuwa a sallame shi da digiri na biyu. A Ingila kuwa shekara 3 ce zuwa 4, tun farkon zuwa kuma ɗalibi ke shiga bincike, don haka su kan fi son wanda ya rigaya ya yi digiri na biyu.

Binciken iri biyu ne. Akwai masu nazari, su kayan aikinsu alli da allo da kwamfuta. Akwai kuma masu gwaji, su a ɗakin gwaje-gwaje su ke wuni, suna ɗaura waya da gyaran na'ura. Wani shi da mutum 3 ko 4 zai yi aiki, wani kuwa cikin dubbai. A 2015 masu bincike na CERN, babbar cibiyar nan ta kusa da Janiba, sun buga takarda guda mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154.

Labarin Jocelyn Bell ya isa misali. Ta shiga Jami'ar Kambirij a 1965 a ƙarƙashin Antony Hewish. Kusan shekara 2 ta yi tana kafa turaku da jan waya tare da 'yan'uwanta ɗalibai, suna gina na'urar sauraren sararin sama a fili mai fiye da eka 4. Da na'urar ta fara aiki a 1967, kullum sai ta fitar da takarda mai tsawon kusan ƙafa 100, ita kuwa Bell da ido ta ke bin ta. A nan ta lura da wani ɗan zane wanda bai yi kama da sauran ba. Ta nace da bibiyarsa, har aka tabbatar wani sabon irin tauraro ne mai aiko da sigina kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi, aka sa masa suna fulsa. A 1974 aka ba Hewish lambar Nobel, ita ba a haɗa da ita ba, mutane da yawa kuwa suka ga ba a kyauta ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta sadaukar da kuɗin duka don ɗaukar nauyin ɗaliban fizikis. Ku dubi dai yadda shekarun wahala su ka rigayi ranar sa'a, kuma ba don ta san na'urarta ciki da bai ba, da zanen ya wuce ta.

Daga wannan labari za a gane kuma cewa ragamar ɗalibi tana hannun malamin da ke duba aikinsa. Shi zai zaɓar masa tambaya, shi zai nemo kuɗin bincike, shi zai ce aiki ya nuna, shi kuma zai rubuta masa takardar shaida in ya tashi neman aiki. Don haka kafin yaro ya ɗauki malami, ya keɓe da tsofaffin ɗalibansa ya tambaye su: sau nawa ya ke ganinsu a wata, shekara nawa su ke yi kafin su gama, ina kuma waɗanda su ka gama su ke yanzu? Sunan jami'a ba zai yi wa mutum maganin malamin da ba shi da lokacinsa ba.

Game da kuɗi fa, galibin manyan jami'o'in Amurka su kan yafe wa ɗalibin fizikis kuɗin makaranta, su kuma ba shi alawus, shi kuwa ya biya da koyar da ƙananan ɗalibai ko aikin bincike. A Ingila baƙo ya fi bukatar ya nemi tallafi tun daga gida, irin na Kwamanwel wanda aka kafa a 1959. Ko ta ina dai alawus ɗin na ci da haya ne. Iyaye su san da haka, kada su ɗora masa nauyin gida suna cewa ai yana Turai. Wanda kuma ya ga tushensa bai yi ƙarfi ba, akwai cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyesta ta Italiya a 1964, tana ba ɗaliban ƙasashe masu tasowa horon shekara guda na share fage.

A ƙarshe ɗalibi zai tattara bincikensa cikin kundi, ya kare shi da baki. A Ingila masu jarrabawa 2 ne, ɗaya na gida ɗaya baƙo, su yi sa'o'i suna bin kundin shafi shafi. A Amurka ya kan yi jawabi a bainar jama'a, sa'an nan kwamitin malamai ya keɓe da shi. Bayan wannan ma kujerun koyarwa a jami'a ba su kai yawan masu nemansu ba, shi ya sa da yawa su kan shiga masana'antu da kamfanonin kwamfuta da bankuna, ba kuwa abin kunya ba ne.

To, malamai, in almajirinku ya zo da wannan buri, kada ku tsaya kan makinsa kaɗai. Ku ba shi lissafin da zai ci masa mako guda bai warware ba, ku ga yadda zai yi. In ya dawo yana murna da wahalar, ku ƙarfafa masa gwiwa, wannan hanyarsa ce. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.