Zoɓon Leda da Mizanin Harshe: Nazari a kan Abin Shan Gida a Diffa

Duk wanda ya san garin Diffa kafin shekarar 2015, sa'an nan ya sake ratsa shi a 'yan shekarun nan, tun daga tasha har bakin kasuwa, balle da la'asar ɗin watan azumi sa'ad da ya faɗo cikin bazara, ba zai kasa lura da wata sana'a ba wadda ta yaɗu sannu a hankali har ta zama kamar da ma can haka take, wato sayar da abin shan da aka haɗa a gida: zoɓo, da kunun aya, da ruwan tsamiya, da na citta, da na goruba, a ƙulle cikin leda ko a ɗure cikin gorar roba, 'yan mata da yara suna yawo da su a kula, na dala biyar da na dala goma. Abubuwan shan nan kansu tsofaffi ne, kakanninmu sun san su. Abin da yake sabo shi ne yawansu a kasuwa, da sanyinsu, da kuma irin ɗanɗanon da suke komawa gare shi, wanda shi ne abin da ya fi damuna.

Sababi na farko, kuma mafi nauyi, darura ce. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, bayan 'yan kwanaki hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da fataucin kifin tafkin Chadi da na tattasai, aka ƙuntata sayen takin zamani da man fetur ɗin da injinan ban-ruwa suke sha a bakin kogin Komadugu. Alhali kuwa kifi da tattasai su ne ƙashin bayan arzikin jihar Diffa, tattasan nan da ake kira jan zinariya, wanda manyan motoci suke kwashewa zuwa Najeriya ta gadar Dutsi da Damasak. A watan Mayu na wannan shekara aka tashi mutanen tsibiran tafkin, harin Bosso na Yuni 2016 ya ƙara koro wasu, har jihar ta ɗauki 'yan gudun hijira fiye da 200,000, wasu a Sayam, wasu a gefen babbar hanya, wasu a Awaridi da sauran unguwannin garin Diffa. Macen da mijinta ya rasa gonar rani ko kwalekwale, ga 'ya'ya, ga haya, ba ta da jarin buɗe shago, amma tana da tukunya da rariya, tana kuma iya samun mudun zoɓo da kwanon sukari ko da bashi ne. Ba a neman takarda, ba a neman rumfa, kuma kuɗin yana dawowa kafin magariba. Ko da aka ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi kuma a 2019, sana'ar ba ta koma baya ba, domin ambaliyar Komadugu ta yi ta cinye gonaki, hanyar kuma ba ta gama lafawa ba.

Sababi na biyu sanyi ne. Firji ya yawaita a gidaje, na wutar kamfanin lantarki na NIGELEC da na hasken rana, ana kuma sayar da ƙanƙara ga wadda ba ta da shi, don haka abin da dā ake jiƙawa a randa a shanye a gida ya zama haja. Na uku kuwa tsadar lemon kwalba: Diffa tana nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300, kamfanin Braniger da yake ɗura lemo a can ya ba da sanarwar rufewa a 2019, kayan Najeriya kuma farashinsu yana bin lafiyar hanya da rufe iyaka, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Fa'idar wannan a zahiri take, ba ta bukatar dogon bayani. Gidaje da yawa da wannan ledar suke cefane, manomin yakuwa ya sami mai sayen zoɓonsa, dabinon kwarurrukan Gudumariya da Maine-Soroa ya sami wata ƙofa, goruba da take zube a bakin kogi ta yi daraja.

Amma illar da ke ɓoye ta fi bukatar a tsaya a kanta. Tun da yake farashin leda ba ya motsi, saboda yaro dala biyar ɗin nan ita ce a hannunsa, sukari da citta da kanumfari kuwa kullum hawa suke yi, sai mai sana'a ta ga ba ta da mafita illa ta rage abin da ya fi tsada ta ƙara abin da ya fi araha. Sai ruwa ya yi yawa, sai garin kala ya maye gurbin jan zoɓo, sai ɗigon turaren abarba ko na ayaba na kwalba ya maye gurbin ɓawon abarba da na'ana'a, sai a zuba sinadarin zaƙi wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa bokiti. Zoɓo na ƙwarai, wanda tsofaffin mata suka sani, idan an ɗaga shi a hasken rana ja ne mai duhu, ƙamshin kanumfari yana riga shi isa hanci, tsaminsa ne yake fara taɓa harshe, zaƙi ya biyo baya, yajin citta ya tsaya a maƙogwaro, sa'an nan wani ɗan bauri ya saura a baki wanda shi ne yake kashe ƙishirwa. Wadda ta ƙware ta san cewa ƙwayar kanwa tana karya tsami ta ƙara duhun launi, ta kuma san cewa idan ta zarce sai abin ya yi lami. Na garin kala kuwa ja ne fayau, yana rina harshe, zaƙi ne daga farko har ƙarshe, kuma mai sha yana gamawa yana neman ruwa. Yaron da ya tashi da wannan, in aka ba shi jiƙon goruba ko na aduwa, masu haɗa zaƙi da ɗaci, sai ya yamutsa fuska ya ce ya lalace. A ra'ayina wannan hasara ce ta gaske, domin idan mai saye ya daina gane mai kyau, babu abin da zai sa mai sayarwa ta ci gaba da wahalar yin sa.

A nan akwai abin dubawa a wata ƙasa, ko da yake a kan abin sha ne da shari'a ta haramta mana, ba kuwa don sha'awarsa na kawo shi ba, sai don tsarin. A Amurka, wajen 1980, masana'antun giya ba su kai 100 ba, galibinsu manya ne masu yin abu iri ɗaya marar ɗanɗano. Bayan dokar 1978 da ta halatta wa mutane dafa giya a gida, sai ƙananan masu sana'a suka taso har yawan masana'antun ya haura 9,000. Abin mamaki shi ne da ɗaci suka ci kasuwa, ɗacin wani fure da ake kira hof, mai ƙamshin lemo da 'ya'yan itace. A 1985 suka kafa ƙungiyar horar da alƙalan ɗanɗano, suka yi takardar hukunci mai maki 50: ƙamshi 12, kama 3, ɗanɗano 20, yadda yake zama a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10, alƙali kuma ba ya sanin na wane ne yake sha. Da wannan mizani suka koya wa jama'arsu sunayen abin da harshe yake ji, har mai saye ya yarda ya biya ninki saboda inganci. Mu kalmomin ma muna da su tun asali, tsami da bauri da gardi da yaji da lami, majalisar da za ta yi hukunci da su ce babu.

Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamin Malikiyya Yahaya ɗan Umar, wanda ya rayu a Ƙairawan a ƙarni na 9, ya yi littafi a kan hukunce-hukuncen kasuwa inda ya tattauna algus, har da gauraya madara da ruwa, aikin muhtasibi ke nan, wato mai sa ido a kan kasuwa. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda almajiran ƙasar Barno da ƙasar Hausa suke karantawa, ta kawo hani a kan jiƙa 'ya'yan itace iri biyu tare, da jiƙawa a cikin wasu irin mazubai, malamai kuma suka bayyana illar da cewa tsimuwa tana saurin shiga ba a sani ba. Fatawa ta malamai ce, amma hikimar ta shafi mai yawo da kula kai tsaye: a zafin Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40, kunun aya mai dabino da aka yi da hantsi, idan wuta ta ɗauke, yana iya fara kumfa kafin la'asar, gorar ta kumbura, kuma harshen da ya saba da zaƙi zalla ba zai bambanta tsamin asali da tsamin lalacewa ba.

Ga kuma batun lafiya, wanda ya fi ɗanɗano girma. A Afrilu 2017 hukuma ta tabbatar da ɓullar shawara nau'in E a jihar Diffa, cutar da take bin gurɓataccen ruwa, wadda ta fi yin kisa a cikin mata masu juna biyu. A Maris 2021 kuma, a Kano, garin haɗa lemo da ya lalace ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu. Gorar robar da aka tsinto aka ɗauraye, da ruwan da ba a tafasa ba, da garin da ba a san ranar ƙarewarsa ba, duk suna haɗuwa a cikin kula guda.

Ban ga maslaha a cikin hani ko tara ba, domin waɗanda za a hana su ne waɗanda hani ya riga ya talauta. Abin da nake ganin zai yiwu shi ne ƙungiyoyin mata, da ma'aikatar magajin gari, da Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 domin nazarin noma da muhalli, su shirya gasar ɗanɗano kowace shekara kafin azumi, a zaunar da tsofaffin mata a kujerar alƙalai, a rufe sunan mai haɗi, a fara da binciken ruwa da mazubi kafin a kai ga ƙamshi da tsami, a ware aji ga zoɓo, aji ga tsamiya, aji ga goruba, sa'an nan wadda ta ci a ba ta shaidar da za ta liƙa a jikin kularta, ta sayar da nata dala goma sha biyar.