Taya ce ke yanke hukunci ranar Asabar a tseren Formula 1

Yau zancen tseren mota zan yi, amma ku biyo ni, zai iso har ƙofar gida.

A Formula 1, kafin tseren Lahadi ana yin gwajin neman gurbi ranar Asabar. A kakar 2025 motoci 20 ne. Kashin farko minti 18, a zubar da biyar. Na biyu minti 15, a sake zubar da biyar. Goman da suka rage su yi minti 12, wanda ya fi sauri shi zai tsaya a gaba.

To ina taya ta shigo? Tun 2011 kamfanin Pirelli kaɗai ke ba su taya. Mai jan layi tana da laushi, tana kama kwalta sosai, amma nan da nan take cinyewa. Mai ruwan ɗorawa tsaka-tsaki ce, mai fari kuma ta fi ƙarko. A yawancin wasanni saiti 13 ake ba direba, takwas daga ciki masu laushi. Ka ƙona su da wuri, ka isa kashin ƙarshe da tsohuwa. Ka yi rowa, a fitar da kai tun a farko.

Ga abin da ya faru a Sochi ta Rasha, Satumbar 2021. An yi ruwa, hanya ta fara bushewa. Lando Norris na McLaren ya cire tayar ruwa ya saka mai laushi marar zane, ya samu gurbin farko karon farko a rayuwarsa. Lewis Hamilton ya makara wajen sauyawa, tayarsa ba ta ɗauki zafi ba, ya ƙare na huɗu. Washegari, saura zagaye kaɗan Norris yana gaba, sai ruwa ya sauko. Ya ƙi shiga ya sauya, mota ta dinga zamewa, ya ƙare na bakwai. Hamilton da ya sauya ya ci nasararsa ta 100. Irin tayar da ta ɗaga Norris jiya, ita ta kayar da shi yau, don hanyar ta canza.

Mu fa? Da damina muke hawa hanyar Zariya da ta Abuja da sudaddiyar taya, mu ce Allah ya kiyaye. Zanen nan shi ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya. In ya shafe, birki ba ya kamawa. 'Yan'uwana masu Keke Napep da masu motar haya, kafin ku sayi ta gwanjo ku duba lambobi huɗun da ke gefenta: 2321 na nufin mako na 23, shekarar 2021. Hukumar FRSC ta ce shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar ƙera ta. Ku sa mai faci ya auna muku iska ma.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.