Ka Duba Ƙafafun Baya Kafin Tafiyar Kirsimati

Maigida, in ka ga tayar baya tana cinyewa gefe ɗaya, ko mota tana tafiya a karkace kamar kare, to, saitin ƙafafun baya ya goce. Yawanci faɗawa rami ne ko yawan lodi ke jawo wannan.

Ga yadda za ka gwada a gida. Tsai da mota a wurin da ƙasa ta daidaita, ka daidaita iskar tayoyi. Sa yaronka ya riƙe maka bakin awo, ku auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, dama da hagu. Tilas awon biyu su zo ɗaya. In sun bambanta, musamman a akori-kura, sau da yawa kusar tsakiyar sifirin ce ta karye, aksul ya zame. Kada ka ɗaure da waya. Kai wa makanike ya sa sabuwa, ya sake saiti.

Taya tana da tsada, amma ran matarka da 'ya'yanka amana ce daga wurin Ubangiji. Mu yi addu'a kafin tashi, mu kuma duba mota.