Shugaban Makaranta, Saɓanin Malamai da Jin Daɗin Aiki

Idan ana lissafa abubuwan da ke kashe wa malaman makarantun gwamnati gwiwa a Arewacin Najeriya, da albashi ake farawa, kuma ba a yi ƙarya ba. Sai dai za ka tarar da makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, albashinsu ɗaya, ranar biyansu ɗaya, amma ɗaya malamai na kamun ƙafa a kai su, ɗayar kuwa kowa na neman tiransifa. Sau da yawa bambancin yana ga yadda hedimasta ko firinsifal yake raba gardama.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Rigimar ofishin malamai ba ta cika farawa daga babban abu ba. Jadawalin darasi ne aka lafta wa sabon malami, aka sassauta wa ɗan gaban goshi. Bita ce mai alawus ta zo, aka sake tura waɗanda suka je bara. Kuɗin PTA ne aka kashe ba bayani. Cunkoso kuma yana ƙara rura wutar: manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a biranen Kano da Kaduna ana samun ajin da ya haura ɗari. Wanda ya fito daga irin wannan aji, kalma ɗaya ta isa ta tunzura shi.

Dalili na biyu na wannan rigima shi ne yadda ake naɗa shugaban makaranta. Yawanci daɗewa a aiki ko hanya ke ba mutum kujerar, alhali takardar NCE ko digiri koyarwa ta shirya shi ya yi, ba jagorancin manya ba. Na uku, nauyi ya yi wa shugaban yawa, ikonsa kuma kaɗan ne. A firamare, ɗaukar aiki da ƙarin girma suna hannun hukumar SUBEB da ofishin sakataren ilimi. Abin da ya rage masa shi ne takardar tuhuma da rahoto zuwa sama. Shi ya sa wasu ke zafafa hannu, su sa a cilla mai gardama ƙauye, wasu kuma su noƙe, kowace ƙara ta zo su ce a yi haƙuri. Matsin lamba daga gwamnati ma yana da nasa tasiri. Tun bayan jarrabawar gwajin da aka yi a Kaduna a 2017, wadda malaman firamare fiye da 21,000 suka faɗi, tsoron kora ya sa malamai da dama suna kallon duk rubutun da ya fito daga ofis a matsayin barazana.

Masanin halayyar ma'aikata ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna tun a 1959 cewa ƙarancin albashi da tsamin dangantaka da shugaba suna jawo ƙorafi, amma gamsuwa ta gaskiya tana zuwa ne daga yabawa da ba mutum amana. Malamin da aka yanke wa hukunci ba a ji ta bakinsa ba, da wuya ya ajiye aiki, don ba wani aikin a ƙasa. Sai ya sa hannu a rajista da safe, ya rubuta aiki a allo, ya sulale gona ko kasuwa. Ofishin malamai ya rabu gida biyu, yara su kwashi asarar. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki tana nufin, a inda ake aiki da ita, wannan zaman doya da manja zai iya tsawaita.

Ba duka laifin shugaba ba ne. Komai adalcinsa, ba zai biya bashin kuɗin hutu ba, kuma akwai malaman da sakacinsu ya cancanci hukunci. Amma adalci shi ne abin da ke hannunsa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Ya kamata jihohi su wajabta horo kan sulhu kafin naɗi, a riƙa tsara jadawali da rabon bita a zaman malamai, sannan kada a yi wa kowa tiransifar ladabtarwa sai an saurare shi gaban wakilin ƙungiyar malamai ta NUT da kwamitin kula da makaranta na SBMC.