MASAUKIN BAƘO A ƘASAR WAJE: TUN DAGA GIDA AKE KAMA SHI

 Yau ban da farashin gero da dawa da kuka saba gani, ga wata magana da nake so mu duba tare.

Kowace shekara in kaka ta yi, an sussuke gero an zuba a buhu, sai samarinmu su fara shirin fita. Ran Litinin a kasuwar Shuwarin, ko ran Lahadi a Gujungu, ba na rasa wanda zai ja ni gefe ya ce, "Baba Alhaji, ina so in ƙetara Damagaram, ko Maraɗi, ko kuwa Gana, in gwada sa'a. Nawa zan riƙe na mota?" Kowa kuɗin mota yake tambaya. Da wuya ka ji wanda ya ce, "In na sauka, ina zan kwana?" Alhali kuwa mota ta kwana ɗaya ce ko biyu, amma wurin kwana kullum ne, kuma shi ne yake cinye jarin yaro tun bai sayar da kwano ɗaya ba.

To, ku sani, masauki mai araha a ƙasar da ba taka ba, ba a tasha ake nemansa ba bayan an sauka. Tun daga gida ake kama shi, ta hannun mutum wanda ya san mutum.

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi Salaga suna ɗauko goro, ba otel suke sauka ba. Madugu ya san zangon da za a ya da kaya, ya kuma san fatoman da zai karɓe su a kowane gari. Daga irin wannan ya da zango ne aka sami unguwannin Hausawa da suke nan har yau, kamar Zangon Kumasi da Sabon Zango na birnin Akara a Gana. Haka kuma ta gabas, garin Mai Wurno na Sudan, wanda mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya daɗe yana zama masaukin masu tafiya hajji a ƙasa.

Shi fatoma, watau mai masaukin 'yan kasuwa, ga yadda aikinsa yake ga wanda bai sani ba. Zai ba ka wurin shimfiɗa a zaure ko a shago. Zai fito maka da tuwon dare. Zai sa kayanka a sito, ya ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da dillalinsa. In mai saye bashi zai ɗauka, shi ne mai lamuni. In harshen garin ya gagare ka, shi ne tafinta. In rigima ta tashi, shi zai tsaya maka gaban hukuma. Duk wannan ba ya ce maka kawo kuɗin ɗaki. Abincinsa yana cikin la'adar da ake cirewa in an yi ciniki.

Amma kada wani ya ce kyauta ce. Babu kyauta a kasuwa, sai dai a ce kuɗin kwanan ya ɓuya cikin la'ada. Saboda haka ka yi lissafi, kuma ka yi shi da kwano, domin naira da sefa da sidi kullum hawa da sauka suke, amma kwano yana nan yadda yake. Ga misali. Mu ƙaddara ka kai buhu 20, aka cire maka kuɗin kwano 1 a kan kowane buhu. Kwano 20 ke nan, watau rabin buhu, tun da buhunmu kwano 40 ne. In kwana 10 ka yi, kowane dare ya ci maka kwano 2, a ciki har da ci da ajiya da tsaro. Sa'an nan ka tambayi kuɗin ɗakin otel mafi araha a garin, ka raba shi da kuɗin kwano, ka ɗora na abinci da na sito da na mai gadi. A nan za ka ga wanda ya fi sauƙi da idonka.

Fatoma ma iri-iri ne. Akwai wanda zai tura kayanka ga mai sayen da yake bi bashi, domin ya fanshe nasa da naka. Akwai wanda zai riƙe kuɗinka yana juyawa, kullum ya ce maka gobe. Kuma al'ada ce, in ka sauka gidan mutum ba ka sayarwa ta bayansa. Don haka kafin a sauke buhu ɗaya daga mota, ka yi tambaya uku a gaban shaidu biyu. La'ada nawa ce? Wa yake biyanta, mai saye ko mai sayarwa? In kaya suka ƙi sayuwa na so ɗauka, me zan biya na ajiya? Ba rashin kunya ba ne. Fatoman kirki ya fi son baƙon da ya yi tambaya tun da fari.

To, yaya ake samun na kirkin? Ran Alhamis ka je Maigatari. Mutanen Dungas da Magarya da Damagaram suna nan da shanu da wake da riɗi. Ka je Dawanau a Kano, 'yan Maraɗi suna nan, haka masu lodin Gana. Ka sami dattijon da ya shekara goma yana bin hanyar, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, gidan wa kake sauka?" Da can takarda ake rubuta maka da ajami ka kai. Yanzu waya ta sauƙaƙa, sai ya buga a gabanka ya ce ga yarona nan tafe. Wannan kalma ta "yarona" ta fi kuɗin haya na wata uku. Da ɗan gari akan ci gari.

Wanda kuma ba shi da kaya, ƙarfinsa kawai ya ɗauka ya tafi cirani, shi fatoma ba shi da la'adar da zai ci a kansa. Irin wannan sai ya nemi Sarkin Zango ko mai unguwar Hausawa ya gabatar da kansa, ko ya nemi malamin tsangaya ɗan ƙasarmu in akwai. Haƙƙin baƙo kwana 3 ne, kowa ya san wannan. Cikin kwanakin nan ukun ya kamata ya sami abin yi. Ko ya shiga karo-karo da samari huɗu ko biyar su kama ɗaki ɗaya, ko ya sami mai shago ya riƙa kwana yana yi masa gadi. Kwanan tasha shi ne na ƙarshe, domin barci da ido ɗaya ne, ga ɓarayi, ga masu sintiri da ke tambayar takarda da tsakar dare.

Ni mai wannan rubutu ba a littafi na karanta ba, jikina ne ya gaya mini. A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, ina saurayi, na bi ta Jibiya da Ɗan Isa na shiga Maraɗi zan sayo wake. Mahaifina ya ce in tsaya a rubuta mini takarda zuwa ga wani amininsa, na ce ai Hausa ake yi can, me zai gagare ni. Ina sauka tasha wani mutum mai fara'a ya karɓi jakata, ya kai ni wani ɗaki mai kyau, ya ce ɗari shida ne a wata. Na ce wannan ai banza ce, ba ni wata uku. Sai da aka zo ƙirga na gane ashe su da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce ta sefa. In sun ce ɗari, 500 ke nan. In sun ce jika, 1,000 ke nan, watau dala 200. Ɗari shidan nan ashe 3,000 ce. Kunya ta hana ni janyewa, na biya. Kwana 9 na yi sai ga mai gidan na ainihi ya zo da kwado. Ashe wanda ya ba ni ɗakin shi ma ɗan haya ne, ana binsa bashin watanni, ya karɓi nawa ya bar gari. Wani tsoho mai awo ɗan wajen Ringim ne ya ji tausayina ya ba ni tabarma a zaurensa. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ɗana, wanda ya tare ka a tasha ba kai yake so ba, aljihunka yake so." Na komo gida da rabin waken da na yi niyya.

Darasi biyu na ɗauka. Na ɗaya, in an faɗa maka kuɗi a ƙasar sefa, ka ce a rubuta maka da lamba. Na biyu, kada ka ba kowa kuɗin ɗaki sai ka ga mai gida da idonka, maƙwabta sun shaida nasa ne, an ba ka rasit. Yau abin ya ƙara sabon salo. Sai a turo wa yaro hoton ɗaki ta WhatsApp tun yana Dutse, a ce ya aika kafin alƙalami kada wani ya riga shi. Kada ka aika. Hoto ba ɗaki ba ne.

Saura magana mafi nauyi, ita ce biyan haya mai tsawo. Masu gidaje suna son a ba su na shekara, har su rage maka wani abu domin ka yarda. A Gana ma doka ta ce kada a karɓi abin da ya wuce na wata 6 a gaba, amma sau da yawa na shekara ɗaya ko biyu ake nema. Kai baƙo, ka tuna zamanka ba a hannunka kaɗai yake ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Maigatari da Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Wanda ya biya ɗaki da sito na shekara a Damagaram domin safarar hatsi, ya zauna yana kallon kuɗinsa suna ƙonewa. Iyayenmu sun ga wanda ya fi wannan. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, mutanenmu da yawa suka baro gidaje da rumfuna. Mu ma a Janairu 1983, zamanin Shagari, mun yi wa baƙi irin wannan. Saboda haka ka biya na wata-wata ko da ya ɗan fi tsada, har sai ka ga kamun ludayin garin. Araha da za ta ɗaure maka ƙafa ba araha ba ce.

Takarda ma tana cikin lissafin masauki, gama marar takarda kullum a ɓoye yake kwana, kuma mai ɓoye ka shi yake yanka maka farashi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya ingantacciya. Wannan tana aiki a Gana da Binin da Togo. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, don haka kafin ka tashi ka tambayi direbobin da suka dawo a makon nan abin da ake nema a kan iyaka. Kuma ko mai masauki uban wa ne, kada ka ba shi fasfonka ko katinka jingina. Kuɗi kake ba shi ajiya, ba takarda ba.

In Allah ya haɗa ka da mai masauki na gari, ka riƙe shi. Kada ka je masa hannu rabbana, ga dabinon Dutse nan kowa yana so, ko kwano biyu ne ka ƙulle masa. Ka share inda kake kwana. Kada ka jawo masa baƙon da bai sani ba. Kada ka wuce zaure sai an ce ka shigo. In za ka tafi ka yi sallama, ka ba yaran gida ɗan abin da ya samu. Wata shekara in ka koma, gidan nan za ka sauka, kuma bayanka ɗanka zai sauka. Amma in ka ɓata, ba kai kaɗai ka rufe wa ƙofa ba, duk wanda ya ce daga Dutse yake ka shafa masa.

Daga ƙarshe, mu ma masu masauki ne. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 haya take hawa, kuma kowane rani 'yan'uwanmu na Nijar suna zuwa mana ga-ruwa da dako da awo. A Fabrairu 2021 an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Ran da jirgi ya fara gudu baƙi za su ƙaru, namu can, nasu nan. Yadda muka sauki ɗan wani a zaurenmu, haka za a sauki namu. Duk yaron da ke shirin fita bana, kafin ya tambayi kuɗin mota, ya fara samo sunan gidan da zai kwana.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya. Haza wassalam.